Bai Ce Ya Yi Laifi Ba

Sha-Biyu ake ce mata. Direbobin tasi ne suka laƙaba mata sunan, don ita ke karanta labaran ƙarfe sha biyu na rana a gidan rediyon da ke bayan babbar tasha, kuma da sun ji muryarta sun san lokacin neman abin sawa a baki ya yi. A hankali sunan ya bi ta har cikin gida. Mijinta, direban motar asibiti ne mai son tsokana, in ta makara wajen shiri sai ya dubi agogon hannunsa ya ce, "Sha-Biyu, yau fa kin zama ɗaya saura kwata."

Aikinta ba karatu kaɗai ba ne. Ka'idar gidan ita ce 'yan rahoto su rubuto labari da Turanci, Edita ya duba, sannan a ba ta ta mayar da shi Hausa, ta shiga ɗakin watsa labarai ta karanta. Rubutun Turancin kuma a ajiye wa wani saurayi da ke karanta nasa bayan nata. Ta sha yin mita a kan wannan tsari.

"Mutum ya yi magana da Hausa," takan ce wa Edita, "ku ɗauke ta ku kai Turanci, ku dawo min da ita in sake mayar da ita gida. Maganar da ta yi wannan yawon ai dole ta dawo a gajiye."

Edita sai ya ɗaga kafaɗa ya ce haka ya tarar ana yi.

Teburinta yana gefen taga, ƙarƙashin wata fanka da ke juyawa tana kuka kamar yau za ta faɗo. Akwai ƙamus guda biyu a kai, ɗaya bangonsa ya daɗe da rabuwa da shi, da kofin shayinta, da firintar da sai an ɗan mare ta a gefe take sakin takarda. A nan ta yi shekaru masu yawa, har matashin kujerar ya ɗauki siffarta.

A makon da abin ya faru, garin ba shi da zance sai na ruwa. Famfunan unguwar gangare, wadda ke ƙasan kasuwa, sun ƙafe rana guda. Da farko an ɗauka inji ne ya lalace. Sai labari ya fito cewa wani ma'aikacin kamfanin ruwa ne, wanda ke awon tsabtar ruwa a ɗakin gwaji, ya je da ƙafarsa ya murɗe babban makullin bututun da ke kai wa unguwar ruwa, ya sa kwaɗo, ya jefa mabuɗin a aljihu. Daga nan ya bi layi-layi yana faɗa wa mata kada su ba yara abin da suka tara a jarkoki sai sun tafasa. Ya ce bututun ya fashe daidai inda ya ratsa babbar kwata, ƙazanta tana shiga. Kamfani ya ce ƙarya yake yi, zagon ƙasa ne kawai na mutumin da bai samu ƙarin girma ba. Kafin a jima kowa a gari Mai Awo yake ce masa.

Ranar nan da safe kamfanin ya kira 'yan jarida, ya zaunar da Mai Awo a ƙarshen tebur don kowa ya gan shi. Ɗan rahoton da gidansu ya tura, wani siriri da ake kira Dogo, ya dawo yana zufa, ya zauna ya buga labarinsa, ya miƙa wa Edita. Sai ga Manaja ya sauko daga bene, abin da ba ya yi sai ta ɓaci. Ya karɓi takardar daga hannun Edita, ya ɗora a bango, ya yi ɗan rubutu, ya mayar, ya hau abinsa.

Da takardar ta iso teburin Sha-Biyu, kalma ɗaya ce aka taɓa. Dogo ya rubuta cewa Mai Awo *professed*. An soke ta da jan biro, an rubuta *confessed* a samanta. Rubutun Manaja ne, ta san shi kamar yunwar cikinta.

Ta zauna tana kallon kalmomin biyu. 'Yan haruffan farko ne kawai suka raba su. Amma in ta bi ta Dogo, za ta ce wa mutane Mai Awo ya fito fili ya bayyana abin da ya yi da abin da ya yi imani da shi. In ta bi jan biro, za ta ce ya amsa laifinsa.

"Dogo," ta kira shi, "zo nan. Me mutumin nan ya ce da bakinsa?"

Dogo ya zo yana sosa ƙeya. "Anti, ni dai na rubuta nawa. Abin da ya biyo baya ya fi ƙarfina."

"Ban tambaye ka ƙarfinka ba. Ina na'urarka?"

Ta karɓi 'yar na'urar ɗaukar magana ta wuce ɗakin injiniyan sauti. Kunne ake ce masa, dattijo ne da zai gaya maka an bar ƙofa a buɗe daga jin muryarka a makirfo. Ya jona na'urar, ya miƙa mata abin sawa a kunne.

Da farko hayaniya ce, da jan kujeru, da wani babban jami'in kamfani yana ta dogon bayani. Sannan wata murya ta shigo, ba mai ƙarfi ba, irin ta mutumin da bai saba magana a taro ba.

"Ni na rufe. Da rana tsaka na je, da rigar aikina a jikina, maigadi yana kallona. Na faɗa wa na sama da ni, na sake faɗa, aka ce in jira. Ruwan da na auna ba zan ba ɗana ba, don haka ba zan tsaya ina kallo a ba ɗan wani ba. Abin da na yarda da shi ke nan, kuma a kansa nake. In kun buɗe ba ku gyara ba, zan koma in rufe."

Jami'in ya katse shi. "To ka dai yarda ka yi laifi?"

"Na yarda na rufe."

Sha-Biyu ta cire abin kunnen ta ajiye. Kunne kuwa sai goge wani maɓalli yake da gefen rigarsa, maɓallin da ba shi da datti.

Ta hau bene da takardar a hannu. Ofishin Manaja akwai sanyi da kafet, da hotunan baƙin da suka taɓa ziyartar gidan. Shi ya ɗauke ta aiki tun tana budurwa mai rawar murya. Shi ya koya mata inda ake numfashi a cikin jimla, da yadda ake karanta labarin mutuwa ba tare da an yi wa mutane kukan ƙarya ba. Tana ganin girmansa, shi ma ya san haka.

"Yallaɓai, an yi gyara a nan da ban gane ba."

"Kin gane sarai. Zauna." Ya cire tabarau. "Ya ce ya rufe ko bai ce ba?"

"Ya ce."

"Ma'aikaci ya rufe bututun kamfani ba da izini ba, ya bar unguwa guda ba ruwa. Laifi ne ko ba laifi ba ne?"

"Wannan alƙali zai faɗa, Yallaɓai. Ni mai karanta labari ce."

Manaja ya yi murmushi. "Ke da ƙamus ba ya barin gefenki, je ki buɗe. Kalmar da Dogo ya sa tana da wata fuskar. Ana faɗinta ga mai iƙirarin abin da ba ya zuciyarsa, mai cika baki kawai. Ita kuma tawa, har wanda ya tsaya gaban jama'a ya furta imaninsa ana iya yi masa amfani da ita. Turanci ba hanya ɗaya ba ce. In gardamar kalma za mu yi, za mu kai yamma a nan, kuma ni zan ci."

Ta san gaskiya ya faɗa. Ta taɓa cin karo da duka ma'anonin biyu.

"Za ka ci, Yallaɓai, ba musu. Amma ni ba Turanci zan karanta wa mutane ba. In na ce ya amsa laifinsa, mai tasi da mai shago abu ɗaya za su ji: mutum ya sunkuyar da kai, ya ce ku yafe min. Na saurari maganarsa. Kansa a sama yake."

"Kin ga kan nasa a cikin na'ura?"

"Na ji shi."

Manaja ya ja numfashi, ya juya biron a hannunsa. "Wa ke ɗaukar nauyin labaran da kike karantawa?"

"Kamfanin ruwa."

"Madalla. Ki leƙa ƙasa ki ga mutanen da ke cin abinci a gidan nan. Daga maigadi har mai shara. Ba ke kaɗai ke da zuciya ba."

"To a sa muryarsa, mutane su ji da kansu."

"A'a."

"A cire labarin gaba ɗaya."

"Mutanen kamfanin sun kira ni, suna jiran su ji shi."

"To a ba wani ya karanta. Ni yau maƙogwarona yana ciwo."

"Maƙogwaronki lafiyarsa ƙalau." Ya mayar da tabaransa. "In wani ya karanta, za a ce rediyo ta faɗa. In ke kika karanta, za a ce Sha-Biyu ta faɗa. Muryarki aka yarda da ita a garin nan. Ita ake so."

Ashe abin da ta yi shekaru tana tarawa a kunnuwan mutane, shi ake so a ara na minti ɗaya a shafa wa wani baƙin fenti. Ta miƙe.

"Yallaɓai, in na shiga ɗakin nan, abin da ya faɗa zan faɗa. Ina gaya maka tun yanzu, kada a ce na yi maka ba-zata."

Ya yi 'yar dariya yana jawo wata takarda. "Na san ki da zafin kai tun kina yarinya. Je ki sha ruwa. Za ki karanta abin da ke gabanki."

Ɗakin watsa labarai ƙarami ne, an manna wa bangonsa soso don kada sauti ya yi amsa-kuwa. Tebur ɗaya, makirfo ɗaya, agogon bango, da gilashin da ya raba ta da Kunne. Ta zauna, ta jera takardunta. Kiɗan buɗe labarai ya tashi, jar fitila ta kama, Kunne ya nuna ta da yatsa.

Ta yi sallama kamar kullum. Ta karanta labarin gadar da ake gyarawa, ta karanta na malaman makaranta da ke barazanar yajin aiki. Sannan ta juya takarda.

"Ma'aikacin kamfanin ruwa da ya rufe bututun unguwar gangare ya fito fili yau ya bayyana cewa shi ya rufe, da rana, da saninsa. Bai ce ya yi laifi ba. Ya ce ruwan da ya auna ba zai ba ɗansa ba, don haka ba zai bari a ba ɗan wani ba, kuma in aka buɗe ba a gyara ba zai koma ya rufe. Kamfanin kuwa ya ce ruwansa lafiya lau ne, yana kuma zargin ma'aikacin da zagon ƙasa."

Tun tana tsakiyar jimla ta biyu ta ga ƙofar ɗakin Kunne ta buɗe da ƙarfi. Manaja ne, yana haki daga saukowar bene, yana nuna wa Kunne alamar yanka a wuya. Kunne ya dubi allon maɓallansa kamar yau ya fara ganinsa. Ya kai hannu nan, ya janye, ya kai can. Sai da ta kai ƙarshen labarin sannan jar fitilar ta mutu. Abin da ya fi kusa da hannunsa Kunne ya saka, wato tallar kamfanin ruwa, wasu yara suna rera cewa ruwa garau, ruwan lafiya, sha ka ƙara.

Ta tattara takardunta ta fito. Manaja yana tsaye a baranda.

"Ki tafi gida. Kada ki dawo sai an neme ki."

"To, Yallaɓai."

A gida Mama ta tare ta tun daga ƙofa. Mahaifiyarta ce, tana zaune tare da su tun rasuwar Baba, kunnenta ya yi nauyi, don haka rediyonta kullum a ƙure yake har maƙwabta ba sa buƙatar nasu.

"Ke, me ya sa suka katse ki da waƙa? Ko wutarsu ce ta ɗauke?"

"Ni suka ɗauke, Mama."

Da mijin ya dawo da yamma ya ji abin da ya faru, ya daɗe zaune a bakin gado yana kwance igiyar takalmi. Can ya ce, "Ni dai na auri rediyo, yau an cire mata batir." Da ya ga ba ta yi dariya ba, ya sauke murya. "Kwanakin nan yaran da nake ɗaukowa daga gangare ba kaɗan ba ne. Amai da gudawa. Ina jin mutumin nan gaskiya yake faɗa."

"Wataƙila," in ji ta. "Ni ban auna ruwa ba, ban san komai a kansa ba. Ko da ƙarya yake yi, bai ce ya yi laifi ba. Ba zan sa masa magana a baki ba, shi ke nan."

"Na ji. Sai dai ki sani gidan nan na haya ne, yaran nan kuma makaranta suke zuwa."

"Na sani."

"To. Na faɗa ne don kada a ce ban faɗa ba. Akwai sauran shinkafa?"

Kwanakin da suka biyo baya sun yi mata tsawo. Da safe jikinta yakan tashe ta da wuri ba gaira ba dalili. Ta wanke labulayen da ba su yi datti ba, ta sake jera kwanuka. Da rana tsaka kuwa sai rediyon Mama ya saki kiɗan labarai, a ji saurayin da ke karanta na Turanci yana ta kokawa da Hausa, yana taka jimloli kamar mai tafiya a kan tsakuwa ba takalmi. Takan shiga banɗaki ta buɗe famfo don kada ta ji. Wata rana a can ciki ta yi kuka, ta wanke fuska ta fito, ba wanda ta gaya wa.

Sai ga Yaya ya zo. Babban wanta ne, yana da shagon kayan gini, kuma shi da Manaja sun yi makaranta tare. Ya zauna a falo, ya sha shayi, ya tambayi lafiyar yara ɗaya bayan ɗaya, sannan ya shigo da abin da ya kawo shi.

"Na je na same shi. Na ba shi haƙuri a madadinki. Abu kaɗan suke so. Ki shiga ki ce wa masu sauraro an samu kuskuren fassara a labarin ranar nan, kina neman afuwa. Jimla ɗaya. Washegari ki koma kujerarki."

"Ba a samu kuskure ba, Yaya."

"Na sani! Kowa ya sani! Shi kansa Manajan ya sani. Magana ce kawai ta rufa wa juna asiri. Ke wace ce da ba za ki iya cewa kin yi kuskure ba? Ni sau nawa nake ba kwastoma haƙuri a kan abin da shi ya ɓata da hannunsa?"

"Kwastomanka shi kaɗai ke ji. Ni in na ce kuskure na yi, gari guda zai ji cewa ashe mutumin ya amsa laifi. Abin da na ƙi faɗa ta ƙofa, sai in faɗe shi ta taga?"

Mama, wadda ke gefe tana tsintar wake, ta karkato kunne. "Me ake so ta ce?"

Yaya ya ɗaga murya. "Ta ce ta yi kuskure, Mama!"

"Ta yi?"

"Ba ta yi ba, amma..."

"To in ba ta yi ba me za ta ce ta yi? Kai ne dai tun kana yaro in an fasa kofi kake cewa kai ne, don a yi a gama ka tafi ƙwallo. Ita wannan ko za a kwana ana tambaya, in ba ita ba ce, ba ita ba ce."

Yaya ya miƙe yana kaɗe riga. "Ku biyun nan, Allah ya ba mijinki haƙuri." A bakin ƙofa ya juyo, murya ƙasa-ƙasa. "Mai gidan rediyon da kansa zai gan ki jibi. Ki yi tunani, ƙanwata. Taurin kai ba ya dafa abinci."

Washegari da hantsi aka ƙwanƙwasa ƙofa. Wata mace ce gajera, da zaren ɗinki maƙale a gefen hannun rigarta. Ta ce ita ce matar Mai Awo, wani mai tasi ne ya nuna mata gidan. Ta ƙi zama da farko, sannan ta ɗosana a bakin kujera.

"Duk sauran gidajen rediyo cewa suka yi ya amsa laifinsa," in ji ta. "Har mahaifina ya bugo waya yana cewa tunda ya amsa, ya je ya durƙusa a wuce wurin. Ɗanmu ya dawo daga makaranta da leɓe a fashe, wai an ce ubansa ɓarawon ruwa ne. Ni kaina, wallahi, har yau ban gama jin haushinsa ba. Bai shawarce ni ba. Ya tashi ya jefa mu a wannan hali, ya dawo yana tambayata ko akwai abinci."

Sha-Biyu ta ce, "Haka suke."

"Ina kan keke ina ɗinki na ji ki. Da kika ce bai ce ya yi laifi ba, sai na tsayar da ƙafata. Na ce to, ashe akwai wanda ya ji shi." Ta cire zaren daga hannun rigarta ta naɗe a yatsa. "An ce sun dakatar da ke. Ban zo in ce ki daure ba, 'yar'uwa. Kina da yara. In janyewa za ki yi, ki janye, ba zan riƙe ki a zuci ba. Na zo ne kawai in ga fuskar mai muryar."

"To ga ta. Ba ta kai muryar kyau ba."

Matar ta yi dariya, ta rufe baki da hannu. Ta sha ruwa rabin kofi, bayan ta tambaya ko an tafasa, ta tafi.

Mai gidan rediyon ɗan kasuwa ne, mai fara'a, wanda bai cika zuwa ba. A ofishin Manaja ya karɓe ta, Manajan yana gefe ya harɗe hannu. Ya yabi muryarta, ya ce matarsa ba ta cin abincin rana sai ta ji ta. Sannan ya ce ai Yayanta ya gaya mata abin da ake buƙata.

"Ya gaya min, ranka ya daɗe. Ku ba ni makirfo yau ɗin nan. Zan ce wa mutane ni na sauya abin da aka rubuto min, da gangan, bayan na gaya wa shugabana zan sauya. Zan faɗi dalili. In kuna so in maimaita kullum kafin labarai, zan maimaita."

Mai gidan ya tafa hannu. "To ai shi ke nan! Sai ki ƙara da cewa a yi haƙuri."

"Wannan ne ba zan ƙara ba."

"Kalma uku ce fa, baiwar Allah."

"Da na karanta wa mutane ƙarya, ranka ya daɗe, da ba sai an kira ni ofis ba. Da kaina zan roƙi a buɗe min makirfo in ba su haƙuri. Na taɓa kashe wani mutum a labarai alhali yana raye, Yallaɓai shaida ne, washegari na ba da haƙuri har muryata tana rawa. Na iya ba da haƙuri. Wannan karon ba ni da abin da zan ba da shi a kai."

Fara'ar mai gidan ta ragu. "Kin san ma'anar abin da kike faɗa?"

"Sanin ma'ana ne aikina."

Manaja ya yi magana karo na farko, bai dube ta ba. "Na gaya maka ba za ta yi ba."

A ƙasa ta sa ƙamus ɗinta mai bango a jaka, ta bar wa gidan marar bangon. Ta ɗauki kofinta. Edita ya nutsa kai cikin wata takarda. Dogo ya miƙe tsaye, ya rasa abin yi, ya sake zama. A baranda ta ci karo da Kunne.

"Anti, ki yafe ni. Ni na yanke ki."

"Ka yanke ni bayan na gama. Na ga hannunka yana ta neman maɓallin da kake taɓawa kullum."

"Tsufa ne, Anti," in ji shi, fuskarsa ba alamar wasa. "Ido ya fara tafiya."

Bayan 'yan makonni ma'aikatan kamfanin ruwa suka zo gangare da motar haƙa, suka tone titi daidai babbar kwata, suka canza bututu. Sanarwar da aka bayar ta ce gyara ne na yau da kullum. Ba a mayar da Mai Awo aiki ba, kamfanin ya kai shi kotu, shari'ar kuma aka yi ta ɗagawa. Ya samu wuri a ɗakin gwajin wani ƙaramin asibiti. Sha-Biyu ba ta taɓa ganinsa ido da ido ba.

Ita ma ta sha zaman gida kafin ta samu abin yi. Mijinta ya riƙa karɓar aikin ƙarshen mako, ya rage tsokana. Daga baya wani ofishin fassara da ke saman kantin magani ya ɗauke ta. Ɗaki ɗaya ne, su uku a ciki, suna mayar da takardun cikin kwalin magani da sanarwar asibitoci zuwa Hausa. Ba jar fitila, ba wanda ya san ta sai in ta buɗe baki a cikin tasi direba ya waiwayo. Tana kewar makirfo, ba ta ɓoye wa kowa ba.

A nan Dogo ya same ta wata rana, ya hawo bene yana sunkuyar da kai don kada ya bugi dokin ƙofa.

"Anti, Manaja ne ya aiko ni. Ya ce mutane sun dame shi da tambayarki. Ya ce an bar maganar rediyo, ba sai kin faɗa wa kowa komai ba. Ki zo ofishinsa kawai, ku biyu, ƙofa a rufe, ki ce masa kin yi kuskure. Ko a hankali ne. Shi kaɗai zai ji."

Ta cire tabaran da ta fara sawa kwanan nan, ta dubi Dogo.

"Ya jikinsa? An ce hawan jini ya taɓa shi."

"Da sauƙi, Anti."

"Ka gaishe shi da kyau. Ka ce ina yi masa addu'a, kuma har gobe shi ne malamina. Maganar kuskure kuwa, ka ce masa ko a kunne ba zan raɗa ba." Ta jawo takardar da ke gabanta. "Zauna ka sha shayi kafin ka koma. Amma ka yi shiru, ina kan maganin yara ne, kuma waɗannan mutanen sun rubuta cokali ba su ce wane irin cokali ba."